Kafin A Shayar Da Ciyawa: Tarihin Izinin Ruwa A Ƙasar Kurfai

Ya kai mai karatu, yau zancenmu na ruwa ne. Duk garin da ya fara girma yakan so abu biyu: wurin shan iska mai itatuwa inda tsofaffi da yara za su huta, da filin ƙwallo mai ciyawa kore shar, irin wanda samari suke gani a talabijin. Ba laifi ba ne samarin Filinge, ko na Shikal, ko na Bankuku su yi wannan buri. Sai dai a ƙasarmu ciyawa ba ta rayuwa da rani sai an ba ta ruwa, kuma ruwan nan daga inda mutane da dabbobi suke sha za a ɗebo shi. To, wa ke da ikon cewa a ɗiba? Nawa za a ɗiba? Wa za a fara ba? Ba yau aka fara yin waɗannan tambayoyi a Kurfai ba. Bari mu bi tarihinsu daki-daki.

Ƙasar da ruwanta yake ɓoye

Filinge tana kamar kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin Dallol Boso. Dallol kwari ne mai faɗi, hanyar wani tsohon gulbi da ya taso daga Azawak tun zamanin da Sahara take da damshi, dubban shekaru da suka wuce. Ya gangara kudu har ya faɗa kogin Isa, wanda ake kira Kwara, kusa da Bumba. Gulbin ya daina gudu, amma ruwa bai bar kwarin ba, ya dai koma ƙarƙashin rairayi. Saboda haka in ka gina rijiya cikin dallol, sau da yawa ƴan gaba kaɗan za ka yi ka tarar da ruwa. In kuwa ka hau tudu, sai ka yi gaba ashirin ko fiye kana gina ba ka ga damshi ba.

Ruwan sama kuwa na wata uku ne zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma yawancin shekaru ba ya kai milimita 500. Sauran watanni takwas, kowa ga rijiya yake. Dubi yadda garuruwa suka jeru cikin kwarin kamar tsakiya a zare: Baleyara, Bankuku, Filinge, Tukunus, Abala. Ruwan ƙasa ne ya jera su. Shi ne kuma ya tara Kurfayawa, da Zabarmawan Tondikandiya, da Abzinawan Imanan da Tagazar, da Fulani makiyaya, wuri guda. Inda mutane da yawa suka taru kan abu ɗaya, tilas a sami doka, ko da ba a rubuta ta ba.

Dokar da ba a rubuta ba

Kafin zuwan Nasara, ba takarda ake nema a gina rijiya ba. Yardar mai gari ake nema, ko ta zuriyar wanda ya fara saran dajin. Wanda ya gina rijiya shi ke da ita, kuma guga na farko nasa ne. Dabbobinsa su ne za su fara sha. Amma mallakarsa tana da iyaka. Ba ya da ikon hana matafiyi mai ƙishirwa. Baƙon makiyayi kuma, in ya yi sallama ya roƙa, akan yanka masa lokacinsa, ya shayar bayan mai rijiya ya gama, ya yi kwana kaɗan ya wuce. Ta haka mai rijiya yake tsare ciyawar da ke kewaye da ita, don in ya iyakance kwanakin shan ruwa, ya iyakance kwanakin kiwo ke nan.

Shari'ar Musulunci ta zo ta ƙarfafa wannan al'ada. Malaman fiƙihu sun raba haƙƙin ruwa gida biyu: haƙƙin kashe ƙishirwa na mutum da dabba, da haƙƙin ban ruwan shuka. Na farko yana gaban na biyu. Sun kuma ce kowace rijiya tana da haraba, ba a yarda wani ya zo ya gina tasa daf da ita har ya janye mata ruwa ba.

Ka lura da jerin nan, mai karatu: mutum, sannan dabba, sannan shuka. Za ka sake gamuwa da shi cikin dokokin da aka rubuta da Faransanci shekaru masu yawa bayan haka.

Wani abin lura kuma shi ne, wasanninmu na gado ba su nemi ciyawa ba. Kokowa a kan rairayi ake yin ta. Langa da dambe a dandali ake yin su. Wurin shan iskar gari kuwa shi ne gindin gawo, ko aduwa, ko kuka, itatuwan da ba wanda ya taɓa kai musu tulu.

Garkar kwamandan

A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa bariki a Filinge, suka ɗora Gado Namalaya a kan sarautar Kurfai. Da su ne wata sabuwar magana ta shigo, wato ruwa na gwamnati ne. Wata doka ta 29 ga Satumba 1928, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta sa gulabe da tafkuna cikin dukiyar hukuma. A ƙauye ba a ji bambanci sosai ba, rijiyar gado tana nan hannun masu ita. Amma an riga an aza harsashi: daga yanzu mai ba da izini na ƙarshe yana ofis.

A wannan zamani ne kuma aka fara shayar da shuka don ado da inuwa. A barikokin Nasara akan yi garkar kwamandan, a jera dogon yaro bakin hanya. Dogon yaro kansa baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Indiya. Wa yake shayar da su? Ƴan aikin tilas da ƴan kaso, da tulu a ka. Kwamandan bai nemi izinin kowa ba, domin shi ne izinin. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, da dokar da ake kira da sunan Hufuwet Buwanyi. In ka zauna inuwar tsohon dogon yaro a wani tsohon bariki, ka tuna da wuyan da ya ɗauko masa ruwa.

Rijiyar kowa da kowa

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta ɗauki ruwa babban aiki. A 1961 aka yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya. A 1963 aka kafa OFEDES, ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda ta gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, ta kuma riƙe manyan foraj, wato rijiyoyin burtsatse masu inji, a ƙasar kiwo.

Alheri ne babba, amma ya zo da darasi. Rijiyar gwamnati ta kowa ce, ba mai cewa wane ya sha, wane ya dakata. Dabbobi suka riƙa taruwa dubbai a bakin foraj guda, suka cinye ciyawar kewaye ƙarƙaf, suka tattake ƙasa. Da fari ya zo a 1973, dabbobi da yawa sun mutu ga ruwa a gabansu, yunwa ce ta kashe su. Nan aka gane ruwan da ba shi da mai rabo yana iya zama ɓarna, ko da yana da yawa.

Zamanin fari da itace

Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seini Kunce, ɗan Fandu cikin Tondikandiya, ya karɓi mulki. Fari ne ya share masa hanya, kuma fari ne ya cika masa tunani. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dashen itace. Aka farfaɗo da Samariya, aka ɗora mata ayyukan gayya. A Yamai aka ci gaba da shingen itatuwa da aka fara kewaya birnin da shi tun 1965. A watan Mayu 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Kowa ya san abin da yake biyo bayan bikin dashe. A dasa cikin Agusta ana kiɗa, ruwan sama ya ɗauke cikin Satumba, kafin Afrilu rabin dashen ya bushe ko awaki sun cinye, don ba a faɗi wanda zai shayar ba, ba a kuma faɗi rijiyar da za a ɗiba ba. Dashe na yini ɗaya ne, shayarwa kuwa ta rani biyu ce ko uku.

Da damina ta 1984 ta ƙi, gwamnati ta tura jama'a noman rani. Garake suka yawaita cikin dallol. Yau Bankuku ta yi suna wajen dankalin Turawa, kuma injin ban ruwa ya maye gurbin guga a garake da yawa. Ka ga masu ɗibar ruwan dallol sun ƙaru: ga mata da tuluna, ga makiyayi, ga mai garka da injinsa.

Wasanni ma ba a bar su baya ba. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, a kan rairayi kamar yadda aka gada. Amma ƙwallon ƙafa na zamani ciyawa yake so. A watan Yuni 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai, abin da ya sa daga baya aka gina madatsa a Gudel don tsare ruwan shan birnin. Shekara huɗu bayan haka, a 1989, aka buɗe babban filin wasa na Yamai wanda ƙasar Sin ta taimaka aka gina, wanda yake ɗauke da sunan Janar Seini Kunce. Birnin da ya ga gindin koginsa a bushe ya sami fili mai neman ruwa kullum. A can aka yi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a Disamba 2005, da gasar ƙwallon Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Dukansu da rani aka yi su.

Doka ta koma takarda

Ranar 2 ga Maris 1993 aka sa hannu kan dokoki biyu tagwaye. Ɗaya mai lamba 93-014 ta tsarin ruwa, ɗaya mai lamba 93-015 ta tsarin karkara. Ta biyun ta amince makiyayi yana da fifiko a kan rijiya da makiyayar yankin da ya saba zama, amma fifikon bai ba shi ikon hana wasu sha ba. Ashe dokar kakanni ce aka sa wa lamba. Ita ce kuma ta haifi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake ce wa Kofo, daga ƙauye har zuwa departama.

Ranar 1 ga Afrilu 2010 aka fito da kundin dokar ruwa, mai lamba 2010-09. Ga abin da ya kamata ka riƙe a cikinsa. Ya ce kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwan bukatarsa ta yau da kullum. Ya sa ruwan sha a gaba. Ɗibar gida, ta sha da girki da wanka, ba ta neman takarda. Amma aikin da ya wuce wannan, gwargwadon girmansa, ta ɗaya daga ƙofa uku zai bi. Ƙarami, a sanar da hukuma. Babba, a nemi izini tun kafin a fara, ma'aikatan ruwa su duba ko zai cuci maƙwabta. Mafi girma, a ƙulla yarjejeniya da gwamnati ta wasu shekaru. Dokar ta kuma kafa ƙa'ida biyu: mai ɗiba da yawa ya biya, mai ɓata ruwa ya biya. Don sauƙin rabo, an kasa Nijar yanki bakwai na kula da ruwa, mu muna cikin yankin Dallol da Adar Dutsi.

Ruwan pampo na manyan garuruwa, har da Filinge, shi ma ya sha sauya hannu. Da NIGELEC ke riƙe da shi tare da lantarki. A 1987 aka kafa kamfanin ruwa na ƙasa, SNE. A 2001 aka raba aikin biyu: SPEN tana da kayan aiki, SEEN tana sayar da ruwa. Daga farkon 2024 kamfanin NDE ya gaji SEEN. A ƙauyuka kuwa, tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kula da rijiyoyi da ƙananan pampuna ya riƙa komawa hannun komin da ƙungiyoyin masu shan ruwa.

Saboda haka garin da yake son shayar da fili yana da hanya biyu. Ko ya ja ruwan pampo ya biya, alhali kuɗin pampo hawa-hawa ne, iyakar shanka iyakar tsadarsa. Ko kuma ya gina foraj nasa, wanda zai bi ta ƙofofin nan na doka. Kasancewar fili na hukuma ne bai ɗauke masa neman izini ba. Zamanin garkar kwamandan ya wuce.

Mu yi lissafi

Ɗauko alli, mai karatu. Filin ƙwallo na gasar duniya tsawonsa mita 105, faɗinsa mita 68. In ka ninka, murabba'in mita 7,140 ke nan. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Da bazara, rana da iska suna iya shanye wa ciyawa kamar milimita 8 a yini. Ninka 7,140 sau 8, ka sami lita 57,120 kowace rana. In tano na lita 200 ne ma'auninka, ya haura tano 285. In bido na lita 25 ne, ya haura bido 2,280.

Yanzu ka auna shi da mutane. Ma'aunin da ake aiki da shi a karkara shi ne lita 20 ga mutum ɗaya a yini. Raba 57,120 gida 20, ka sami mutum 2,856. Ma'aikatan ruwa suna ƙidaya mashaya ɗaya ta zamani ga mutum 250. Ashe fili ɗaya yana shan rabon mashaya goma sha ɗaya da ɗoriya. In kuma ka ce saniya tana shan lita 30, shanu 1,904 ke nan.

Ga wani lissafin. A ce an dasa itace 100 kewaye da dandali, ana ba kowane lita 10 a yini. Lita 1,000 ke nan, tano biyar kacal. Bayan rani biyu ko uku saiwa ta kama damshin dallol, an huta. Ciyawa kuwa ba ta yaye, muddin ana son ta kore sai an shayar da ita.

Kada ka ce ai ruwa yana da yawa ƙarƙashin dallol. Yana da yawa, amma inji mai ƙarfi yana janye ruwan da ke kusa da shi, rijiyar maƙwabci ta yi ƙasa, igiyar matarsa ta kasa kai. Jama'a kuma ƙaruwa suke yi. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka Abala, rashin tsaro kuma ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa manyan garuruwa. Kowane baƙo da bidonsa ya zo.

Abin da ya sami waɗansu

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya yi fari shekara uku a jere, madatsunsa suka kusa ƙafewa. Aka hana shayar da ciyawa da ruwan pampo, filayen wasa suka bushe, aka dakatar da wasanni da yawa. Daga 1 ga Fabrairu 2018 aka yanka wa kowane mutum lita 50 a yini. A Faransa kuwa doka ta ba parefe ikon taƙaita ruwa mataki huɗu, daga faɗakarwa har zuwa matakin tsanani. A farin 2022 an hana shayar da ciyawar ado a wurare da yawa, an taƙaita ta filayen wasa, jama'a kuma suka yi ta gunaguni da suka ga an yi wa filayen wasan golf sassauci. Ƙasashe ne masu arziki da ruwan sama fiye da namu, amma da ƙishirwa ta matsa, jerin kakanninmu suka koma: mutum tukuna, ciyawa daga baya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi biyar

Ba cewa muke yi kada gari ya yi kyau ba. Inuwa lafiya ce, wasa kuma yana tsare samari daga zaman banza. Amma ranar da aka tara ku aka ce za a yi wurin shan iska ko a gyara filin ƙwallo, kada ka tsaya ga tafi. Ka ɗaga hannu ka yi tambaya biyar.

Ta farko, daga ina ruwan zai fito, pampon gari ko foraj dabam? Ta biyu, lita nawa ne a yini cikin watan Afrilu? Ta uku, an sanar da ma'aikatar ruwa, kuma ina takardar izinin? A karanta ta gaban jama'a, ai don irin wannan rana ka koyi karatu. Ta huɗu, wa zai biya kuɗin ruwa da gyaran inji bayan baƙi sun tafi? Ta biyar, in ruwa ya yi ƙaranci, an rubuta cewa fili ne za a fara rufe wa pampo kafin unguwa?

Akwai kuma dabaru masu sauƙi. Fili na jar ƙasa da aka daddaɓe da kyau, aka kewaye shi da itatuwa, yana ɗaukar ƙwallo ba tare da ya sha rabon kowa ba. Waɗansu filaye a ƙasar nan an shimfiɗa musu ciyawar roba, wadda ba ta neman ban ruwa na kullum, ko da yake tana da tsada kuma tana ɗaukar zafi da rana. Ruwan alwala na masallaci da wanda yake zuba a bakin pampo ana iya yi masa hanya zuwa gindin itace. Shayarwa da yamma ko da asuba ta fi ta tsakar rana auki. Gawo, da aduwa, da magarya, da bagaruwa sun san ƙasar nan tun kafin mu.

Kakanninmu na Kurfai ba su da kontar ruwa, ba su da hatimi, amma sun san wanda zai fara jefa guga da wanda zai jira. Dokar 2010 ta ba mu takarda da ofis don mu tsare wannan jeri, kuma takarda ba ta aiki sai jama'a sun san abin da ke cikinta. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan ƙwallo ma sai ya sha kafin ya shiga fili. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa rijiyoyinmu ruwa, amin.